Tsofaffin kayan awon ƙasa

Kowane manomi ya san iyakar gonarshi. Wani ya shuka gamba a bakin iyaka, wani ya dasa aguwa, wani kuma ya bar itacen gawo ya zama shaida. Amma gamba tana mutuwa, itace yana faɗuwa, tsofaffin da suka san wurin kuma suna rasuwa. Daga nan sai gardama ta tashi tsakanin maƙwabta, ko tsakanin manomi da makiyayi a bakin burtali. Shi ya sa tun zamanin da mutane suke neman dabarar auna ƙasa, su rubuta awon, domin magana ta tsaya wuri ɗaya.

Mutumin da ke wannan aiki shi ne mai awon ƙasa. Da faransanci ana ce mashi jeyometir, a Najeriya kuma ana ce mashi safiyo. Cikin wannan darasi za mu ga kayan aikin da masu awon ƙasa suka yi amfani da su a da. Za mu ga kuma dalilin da ya sa waɗansu mutane suke tara waɗannan tsofaffin kaya, suna adana su.

1. Awo da jiki

Ma'aunin farko da ɗan Adam ya samu shi ne jikinshi. Ku ma kun san irin wannan awo. Akwai taƙi, wato buɗin hannu daga babban yatsa. Akwai kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Akwai gaba, idan mutum ya miƙe hannuwanshi biyu. Akwai kuma taku, na ƙafa. Da kamu ake auna zane, da gaba ake auna zurfin rijiya, da taku ake auna gona. A ƙasar Kano, zamanin mulkin Turawan Ingila, har akwai ma'aikata da ake ce ma malaman taki. Aikinsu shi ne su taka gonaki su ƙirga, domin a yanka ma mai gona haraji.

Wannan awo yana da sauƙi, tun da kowa yana tafe da ma'auninshi. Amma yana da aibi babba. Kamun dogon mutum ya fi na gajere. Takun wanda ya gaji bai kai na wanda ya fito da safe ba. Idan mai saye da mai sayarwa kowa ya auna da ƙafarshi, ba za su taɓa daidaitawa ba. Dole a samu ma'auni guda wanda ba ya sakewa.

2. Igiya da sanda

A ƙasar Masar ta zamanin da, kogin Nilu yakan cika kowace shekara ya rufe gonaki. Idan ruwa ya janye, sai a tarar iyakoki sun ɓace. Sai sarki ya aiko ma'aikata da doguwar igiya mai ƙulli, su sake auna gonar kowa. Cikin kabarin wani magatakardan gonaki mai suna Menna, kusa da garin Luksor, akwai zane a bango wanda ya kai shekara 3400. Zanen yana nuna mutane suna jan igiyar awo cikin gonar hatsi.

Mutanen Masar sun yanke kamu guda na sarki, suka zana shi bisa sanda ta itace ko ta dutse. Tsawonshi wajen santimetir 52 da rabi ne, an raba shi yatsu 28. Waɗansu daga cikin sandunan nan suna nan har yau a gidajen ajiyar kayan tarihi na Paris da Turin.

Romawa kuwa suna da wani abu da suke kira goroma. Sanda ce doguwa da ake kafawa a ƙasa. A kanta akwai ƙarfe biyu da aka gicciya, kowane baki yana ɗauke da zare mai nauyi a ƙarshe. Mai awo yana duban zare biyu har su haɗu a idonshi, ta haka yake samun layi miƙaƙƙe. Sauran zare biyun kuma su ba shi kusurwa ta daidai, irin ta lungun ɗaki. Da wannan abu Romawa suka shata hanyoyinsu da birane da gonaki. A shekara ta 79 dutse mai aman wuta ya binne garin Pompeyi na ƙasar Italiya. A 1912 masu tonon tarihi suka sami ƙarafan goroma cikin shagon wani maƙeri na garin. Da su aka gane yadda ake haɗa ta.

3. Usturlabi

Malaman ƙasashen Musulmi sun ƙware ƙwarai wajen awo. Wajen shekara ta 830, halifa Ma'amun na Bagadaza ya aika masana cikin hamada, su auna tafiyar da ke daidai da digiri ɗaya, domin a san girman duniya.

Abin aikinsu da ya fi suna shi ne usturlabi. Faifai ne na tagulla, kamar faifan rufe ƙwarya, an zana mashi lambobi a kewaye. A bayanshi akwai wani ƙarfe mai juyawa, mai ƙananan ramuka biyu. Ana rataye faifan a yatsa, a saita ramukan da tauraro ko da kan hasumiya, sannan a karanta lambar da ƙarfen ya nuna. Da usturlabi ake sanin lokacin salla da alƙibla. Da shi kuma ake lissafin tsawon gini ko zurfin rijiya, ba tare da an hau ko an shiga ba. Akwai wani usturlabi da wani gwani mai suna Nastulus ya ƙera wajen shekara ta 927. Yana ajiye a ƙasar Kuwait, rubutun da ke jikinshi bai goge ba.

4. Sarƙar awo

Igiya tana miƙewa idan aka ja ta da ƙarfi, tana tsukewa idan ta jiƙe. Saboda haka aka koma ga ƙarfe. A 1620 wani malamin lissafi na Ingila mai suna Edmund Gunter ya fito da sarƙar awo. Sarƙar tana da gaɓa 100, tsawonta duka ƙafa 66, wato metir 20 da santimetir 12. Kowane ƙarshe yana da mariƙi na tagulla. Bayan kowace gaɓa 10 an rataya ƴar alama, domin ƙirga ya yi sauƙi. Sarƙa 80 ita ce mil ɗaya. Fili mai tsawon sarƙa 10 da faɗin sarƙa 1 shi ne eka ɗaya ta Turawan Ingila, wadda ba ta kai rabin hekta ba. Daga baya Faransawa suka yi tasu sarƙa mai metir 10, da gaɓa 50, kowace gaɓa santimetir 20.

Ga yadda ake aiki da ita. Mutum biyu ne, ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Na gaba yana riƙe da tsinken ƙarfe 10. Ya ja sarƙa har ta miƙe, ya soke tsinke ɗaya a ƙasa, ya wuce. Na baya ya zo wurin tsinken, ya aza bakin sarƙa, in an gama ya cire tsinken ya riƙe. Idan tsinke 10 suka taru a hannun na baya, an auna sarƙa 10 ke nan. Sai a rubuta cikin littafi, a mayar ma na gaba da tsinkayen, a ci gaba. Ta haka ba a ɓata ƙirga.

Sarƙa ma tana da nata ciwo. Zobban da ke haɗa gaɓoɓinta suna cinyewa da yawan ja cikin yashi da tsakuwa. Kowane zobe ya ci kaɗan, sai sarƙa ta ƙara tsawo ba wanda ya lura. Ku duba da kyau: idan sarƙa ta yi tsawo, awon da ake rubutawa yana kasawa. A ce sarƙar metir 10 ta ƙaru da santimetir 5. An aza ta sau 20 a gefen gona, an rubuta metir 200. Amma gaskiyar tsawon metir 201 ne. Mai gona ya yi hasarar metir ɗaya bisa takarda. Don haka mai awo na kirki yakan ajiye wata sarƙa ko sanda da ba a fita aiki da ita. Da ita yake gwada ta aiki lokaci lokaci.

5. Tewodolit da dabarar kusurwa uku

Ana iya jan sarƙa cikin gona. Amma ƙaƙa za a ja ta bisa gulbi, ko bisa tsauni, ko daga Maraɗi zuwa Damagaram? A nan lissafi ya kawo dabara. Siffa mai kusurwa uku tana da gefe uku. Idan aka san tsawon gefe ɗaya, aka san kusurwa biyu da ke bakinshi, to ana iya lissafa sauran gefe biyu ba tare da an taka su ba.

Ga misali. Akwai itace a ƙetaren gulbi, muna son mu san nisanshi. Mu kafa turke a wannan gaɓa, daidai da itacen. Daga turken mu bi bakin gulbi, mu yi kusurwa mai digiri 90, muna tafiya muna duban itacen. Inda kusurwar da ke tsakanin turke da itace ta zama digiri 45, sai mu tsaya. Tafiyar da muka yi daga turke ita ce daidai nisan itacen daga turke. Mun auna faɗin gulbi, ƙafarmu ba ta taɓa ruwa ba.

Masu awon ƙasa suna jera irin waɗannan siffofi, ɗaya manne da ɗaya, daga tsauni zuwa tsauni. Gefe ɗaya kaɗai suke aunawa a ƙasa, sauran duk kusurwa ce da lissafi. Abin da ke auna kusurwa shi ake kira tewodolit. Madubin hangen nesa ne da aka ɗora bisa faifai biyu masu lambobi, ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye. Ana kafa shi bisa ƙafafu uku na itace. A jikinshi akwai ƴar kwalba mai ruwa da kumfa. Sai kumfan ya tsaya a tsakiya ake fara aiki, alamar abin ya zauna daidai.

A 1787 wani maƙeri na London mai suna Jesse Ramsden ya gama wani babban tewodolit. Faɗin faifanshi wajen santimetir 90, nauyinshi wajen kilo 90, da keken doki ake ɗaukar shi. Wannan ya halaka da bom lokacin yaƙin duniya na biyu, amma na biyun da Ramsden ya ƙera yana gidan tarihin kimiyya na London. A Indiya kuma, a 1802 aka fara awon ƙasar da wani tewodolit mai nauyin kusan rabin tan. Cikin wannan aiki ne aka lissafa tsawon dutsen da ya fi kowane tsawo a duniya, daga nesa, ba wanda ya hau shi. A 1856 aka ba da sanarwa cewa metir 8840 ne. Awon da ƙasashen Sin da Nepal suka bayar a 2020 ya ce kusan metir 8849. Kun ga tsohon awon bai kauce da ko metir 10 ba.

6. Yadda aka samo metir

Metir ɗin da kuke aiki da shi cikin aji, shi ma daga awon ƙasa ya fito. A da kowane lardi na Faransa yana da nashi ma'auni, ana ta cutar talakawa a kasuwa. Bayan juyin mulkin 1789, masana suka ce a ɗauko ma'auni daga duniya kanta, domin kada ya zama na wani sarki. Suka yanke cewa a raba nisan da ke tsakanin ƙarshen duniya na arewa da layin tsakiyar duniya kashi miliyan 10. Kashi ɗaya shi ne metir.

A 1792 aka tura masana biyu, Delambre da Méchain, su auna tsakanin garin Dankerk na Faransa da garin Barselona na Sipaniya, tafiyar da ta fi kilometir 1000. Sun yi aiki da wani faifan tagulla mai madubin hange biyu, wanda Borda ya tsara. Aikin bai zo masu da sauƙi ba. Ana cikin yaƙi, mutanen ƙauye kuma suna ganin baƙi bisa tsauni da kaya masu ƙyalli, sai su zaci ƴan leƙen asiri ne. An sha tsare Delambre ana bincike. Sai a 1798 suka gama. A 1799 aka ƙera sanda ta wani ƙarfe mai tsada da ake ce ma filatin, aka ce ita ce metir, aka ajiye ta a Paris. Awon zamani ya nuna sandar ta kasa da wajen kashi ɗaya cikin biyar na milimetir kaɗai. Tun 1983, da gudun haske ake bayyana tsawon metir, amma sandar tana nan a ajiye.

7. Iyakar Nijar da Najeriya

Irin waɗannan kaya sun zo ƙasarmu, kuma aikin da suka yi yana tare da mu har yau. A 1890 Faransa da Ingila suka zauna a Turai, suka ja layi bisa taswira daga garin Sayi, a bakin kogin Kwara, zuwa Barwa, a bakin tabkin Cadi. Waɗanda suka ja layin ba su san ƙasar ba. A 1898 suka sake zama, suka zana rabin da'ira mai nisan mil 100, wato wajen kilometir 160, kewaye da Sakkwato. Abin da ke ciki na Ingila ne. Sai Faransawa suka tarar hanyarsu daga kogi zuwa Damagaram ta faɗa cikin ƙasar da ba ta da isassun rijiyoyi. Suka nemi a gyara. A 1904 da 1906 aka yi sababbin yarjejeniyoyi, aka turo layin kudu. Ta haka Birnin Ƙonni da Maraɗi suka kasance a ɓangaren Faransa.

Saura a sauko da layin daga takarda zuwa ƙasa. Daga 1906 zuwa 1908, wata ƙungiya ta bi iyakar tun daga kogin Kwara har tabkin Cadi. Kyaftin Tilho ne shugaban Faransawa, Manjo O'Shee ne shugaban Turawan Ingila. Suka kafa alamomin iyaka 148 bisa tafiyar wajen kilometir 1500.

Ƙaƙa suke sanin inda suke cikin daji? Da dare suke aiki, suna auna tsayin taurari. Akwai tauraron arewa, wanda kusan ba ya gusawa daga wurinshi. A Maraɗi da Yamai yana sama da ƙasa da digiri 13 da rabi. A Tawa ya kusa digiri 15, a Agadas kuma wajen digiri 17. Digiri ɗaya daidai yake da tafiyar kilometir 111 zuwa arewa. Domin sanin gabas da yamma kuwa, sai da agogo mai kyau ƙwarai. Bambancin minti 4 tsakanin lokacin wuri biyu shi ne digiri ɗaya. Da rana kuma suna bin hanya da kamfas mai nuna arewa, suna rubuta sunan kowane gari da kowace rijiya.

Layin nan ya raba ƙasar Hausa biyu. Ya bar Katsina a kudu, Katsinawan Maraɗi a arewa. Ya bar wa a wannan gefe, ƙane a wancan. Masu gonakin ba su ne suka zauna shawarar ba. Tewodolit bai san gaskiya ko zalunci ba, abin da aka sa shi yake aunawa. Shi ya sa ya kamata ƴan ƙasa su iya awo da kansu, su iya karanta taswira da kansu.

8. Masu tara tsofaffin kayan awo

Yanzu aikin awo ya sake. Masu awon ƙasa suna da na'urori masu aiki da lantarki, da GPS mai karɓar saƙo daga tauraron ɗan Adam. Sarƙa da tewodolit na tagulla sun koma cikin akwati. Da yawa sun yi tsatsa, waɗansu an sayar ma masu sayen tsohon ƙarfe an narke su.

Amma akwai mutanen da ke neman su, suna saye, suna adanawa. Ɗaya daga cikinsu shi ne Lewis Evans, wani mai masana'antar takarda a Ingila. Ya yi shekaru yana tara usturlabi da agogon rana da sauran kayan lissafi. A 1924 ya ba jami'ar Oksfod su duka. Da kyautarshi aka kafa gidan tarihin kimiyya na garin, inda yau ake samun tarin usturlabi da ya fi na ko'ina yawa. A Paris ma akwai wani gida da aka kafa tun 1794 domin ajiye na'urori da kayan sana'a, a nuna ma masu koyo.

Mi ya sa ake wannan wahala? Dalili na farko, koyo. Na'urar zamani tana ba da lamba, amma ba a ganin yadda ta same ta. Tsohon tewodolit kuwa komi nashi a fili yake, ɗalibi yana ganin kusurwa da idonshi. Dalili na biyu, shaida. Tsofaffin takardun filaye da taswirori da waɗannan kaya aka yi su. Wanda bai san sarƙa ba, ba zai gane takardar da aka rubuta da awon sarƙa ba. Dalili na uku, girmama aikin hannu. Maƙeran da suka raba faifan tagulla kashi ɗaruruwa, kowane kashi daidai da ɗan'uwanshi, sun cancanci a tuna da su. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

9. Yadda ake gane su, da yadda ake adana su

Mai tara kaya yana fara duban sunan maƙeri da lambar da ke jikin abu. Suna yakan faɗi shekaru. Misali, kamfanin Troughton & Simms na London an kafa shi a 1826, a 1922 ya haɗu da wani kamfani, sunan ya sake. Abin da ke ɗauke da tsohon sunan, tsakanin waɗannan shekaru aka yi shi. Wanda ke ɗauke da sunan Wild, na ƙasar Suwis, bai girmi 1921 ba, tun da a shekarar aka kafa kamfanin. Sai an yi hattara kuma, domin akwai na jabu. Ana ƙera sabo a shafa mashi baƙi ya yi kamar tsoho. Na gaskiya lambobinshi sirara ne, a jere daidai, kuma yana juyawa ba tangarɗa.

A ƙasarmu abu uku ke ɓata irin waɗannan kaya: ƙurar hunturu, laimar damina, da gara mai cin akwati da ƙafafun itace. Ga ƙa'idodin adanawa:

– A ajiye abu cikin akwatinshi, bisa tebur ko kanta, nesa da ƙasa.
– A share ƙura da tsumma mai laushi. Kada a goge tagulla da toka ko yashi, domin lambobin suna gogewa.
– Kada a taɓa gilashi da yatsa, kada a kwance abin da ba a san yadda ake mayar da shi ba.
– A rubuta mashi takarda: sunanshi, wanda ya ƙera shi, inda aka same shi, wanda ya yi aiki da shi. Abin da ba a san labarinshi ba ya rasa rabin darajarshi.

Akwai abu guda da ba a tarawa, shi ne alamar iyaka. Turken siminti ko na ƙarfe da mai awo ya kafa, a wurinshi yake da amfani. Wanda ya tumɓuke shi ya buɗe ƙofar rigima, kuma doka tana hukunta shi. A Nijar, dokar karkara ta 1993 ta kafa hukumomin kula da filaye, waɗanda ake ce ma kofo. Su ke shaida iyakar gona da ta burtali, su ba da takarda. A Yamai kuma akwai ma'aikatar ƙasa mai yin taswira.

Abin riƙewa

Awo da jiki yana bambanta daga mutum zuwa mutum. Igiya, sarƙa, usturlabi da tewodolit sun kawo awo guda ga kowa. Da gefe ɗaya da kusurwa biyu ana sanin nisan wurin da ba a taka ba. Ma'auni kanshi yana son a riƙa gwada shi. Adana tsofaffin kayan awo adana ilimi ne da shaida.

Ma'anar kalmomi

Burtali: hanyar da aka bar ma dabbobi tsakanin gonaki.
Magatakarda: mai rubuta ma sarki ko hukuma takardu.
Yarjejeniya: maganar da ɓangare biyu suka amince da ita.
Taswira: zanen ƙasa bisa takarda.
Hekta: fili mai metir 100 a tsawo, metir 100 a faɗi.

Tambayoyi

1. Mi ne ne aibin awo da kamu ko da taku?
2. Domi mutanen Masar na da suke sake auna gonaki kowace shekara?
3. Ƙaƙa mutum biyu suke aiki da sarƙa da tsinke 10?
4. Idan sarƙa ta ƙara tsawo, awon da aka rubuta yana ƙaruwa ko yana kasawa?
5. Su wa suka kafa alamomin iyakar Nijar da Najeriya? A waɗanne shekaru?
6. Ku kawo dalili uku na adana tsofaffin kayan awo.

Lissafi

1. Kamun Abdu santimetir 45 ne, na Isa santimetir 50. Kowa ya auna igiya kamu 40. Mi ne ne bambancin igiyoyin biyu?
2. An auna gona da sarƙar metir 10. Tsawonta sarƙa 15, faɗinta sarƙa 10. Hekta nawa ce?
3. Sanda mai metir 1 ta yi inuwar metir 2. A lokacin nan inuwar giginya metir 18 ce. Ku nemo tsawon giginyar.

Aikin yi

1. Ku samo igiya, ku yi mata ƙulli 13, tsakanin kowane ƙulli da na gaba santimetir 50. Ku haɗa ƙulli na farko da na ƙarshe. Mutum uku su ja ta, gefe ɗaya ya zama tazara 3, ɗaya tazara 4, ɗaya tazara 5. Ku gwada kusurwar da ke tsakanin gefen 3 da gefen 4 da lungun allo. Mi kuka gani?
2. Kowa ya auna tsawon filin makaranta da takunshi. Ku rubuta amsoshin bisa allo, sannan ku auna da metir, ku kwatanta.
3. Ku tambayi iyayenku da kakanninku yadda ake shaida iyakar gona a garinku. Idan akwai tsohon ma'auni a gida, kamar mudu, tiya, sikeli ko sandar awo, ku nemi izini ku kawo ma malam. Ku rubuta ma kowane takardarshi, ku buɗe wurin ajiyar kayan tarihi na ajinku.